Allon da Ba Ya Cin Batir

Wani ne a wani ƙauye na bakin ruwa, tsakanin Shanga da Yauri. Manomin shinkafa ne, sai dai Allah bai haɗa jininsa da sammako ba. Mutanen garin kuwa, in kaka ta yi, kowa sai ya kafa kara a bakin fadama. Da asuba a je a duba. In ruwa ya hau karan, to tafki ya fara cikowa, a yi maza a kwashe damman shinkafa. Wannan zuwa na kullum shi ne ya ishi gogan naku.

Ran kasuwar Yelwa ya biya ta rumfar Elijah mai gyaran waya. Ya tarar da shi yana haɗa wani abu.

"Elijah, mi ne wanga?"

"Abu biyu ne. Wannan ƙaramin mai kamar kwalin ashana, a kan sanda za a ɗaure shi a bakin ruwa, ya riƙa awon zurfinsa kamu-kamu, kamar awon yadi. Wannan allon kuma a ɗakinka zai zauna. Babu waya a tsakaninsu, ta iska yake aiko da saƙo."

Ya karɓi allon ya jujjuya. Fari fat kamar takarda, rubutu baƙi, babu haske ko kaɗan.

"Caji hwa? Ka san mu da wuta sai gani daga nesa."

"Batir ɗaya ya kai ka wata shida. Yini yake yana barci. Can ya farka, ya karɓi saƙo, ya rubuta, ya koma ya kwanta."

"Allahu Akbar! Ashe ɗan'uwana ne. Naɗe mini."

"Tsaya in yi maka bayani guda ɗaya a kan batirin."

"Elijah, har aji huɗu na yi. Naɗe."

Aka je aka ɗaure mai awo a fadama, kusa da damman da ya yanka ya tara. Allo kuwa ya rataye shi daidai kan gadonsa, don kada dubawa ta sa shi tashi. Da safe ya buɗe ido ɗaya. Allo ya ce: RUWA KAMU BIYU. LAFIYA LAU. Ya ja mayafi.

Kwana uku da haka, yana sauraren dambe a rediyo, an zo daidai inda za a yi kisa, sai batir ya mutu. Ya duba nan, ya duba can. Idonsa ya faɗa kan allo. Ya ce, "Aro ne, yanzu in maido maka." Ya zare batirin.

Rubutu bai gushe ba.

Ya girgiza allon. Yana nan. Ya kife shi ya ɗaga. Yana nan. Shi dai irin wannan allo, sai zai sauya rubutu yake neman wuta. Abin da ya riga ya rubuta kuwa, ko shekara zai yi yana nan, kamar tawada. Bayanin da Elijah ya so yi ke nan.

Ya ƙwala wa matarsa kira. "Balaraba! Zo ki ga yadda 'yan kasuwa ke cin mu! Ashe abin ga bai cin batir. Don dai sun ga mu 'yan ƙauye ne."

Batir ya tare a rediyo.

Bayan mako guda Balaraba ta kawo masa kunu, ta ɗan tsaya.

"Maigida, ni ko na ga rubutun nan bai motsa ba tun ran dambe."

"To ruwan ne bai motsa ba. Ƙarya kike so ya yi miki?"

Ta ɗauki kwanonta ta fita.

Da hantsi sai ga Baba Dudu, maƙwabcinsa na gona, wando a naɗe har cinya.

"Kai ɗana, kana nan zaune? Karan da na kafa shekaranjiya ya nutse. Na jiya ma ya bi shi. Kowa ya kwashe nashi, dammanka kaɗai anka bari."

Gogan naku ya shiga ɗaki ya fito da allo. "Baba, karanta."

"Ka san ban yi boko ba."

"To shi karan naka aji nawa ya yi?"

Baba Dudu ya yi salati ya wuce.

Kashegari kwaɗi suka dawo kwana a zaurensa. Ya duba allo, ya ce yawon buɗe ido suka zo. Bayan kwana biyu aka kama tarwaɗa a hanyar masallaci. Ya duba allo, ya ce daga kwandon wani ta faɗo. Ran Juma'a mai kabu-kabun garin ya jingine babur ya ari kwale-kwale. Ya ce wannan kuma son banza ne.

Da surutu ya yi yawa a majalisa, sai ya fusata.

"Yau zan rufe bakin kowa. Balaraba, biyo ni ki zama shaida."

Ya saɓa allo a hammata, tana biye. Tun kafin su kai rabin hanya ruwa ya kama masa idon sawu. Ya ce raɓa ce. Ya kai gwiwa. Ya ce kwari ne wurin. Balaraba dai ta hau wani tudu ta tsaya.

Da ya hango inda gonarsa take, sai ya ga Idi masunci a cikin jirgi yana wurga birgi, ragar nan ta kamun kifi. Damman shinkafa na yawo ɗaya bayan ɗaya sun nufi Ngaski, agwagin gari na rakiya.

"Kai Idi! Hita daga gonata!"

"Wace gona? Nan ne wurin da ya fi kifin ƙarfasa a bana!"

"Ina sandar mai awo?"

"Jiya ta tsinka mini komar kifi. Tana ƙasa."

Mutumin naku ya kutsa. Ruwa ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, ya zo wuya. Ya ɗaga allo sama da hannu biyu kada ya jiƙe, ya juyo da shi wajen tudu.

"Balaraba! Don Allah karanta da ƙarfi kowa ya ji! Mi ya ce?"

"Ruwa kamu biyu. Lafiya lau."

"To! Kun ji ko?"

Ta gyara lulluɓi, ta sunkuyar da kai.

"Mu mun ji, maigida. Juya shi ka nuna ma ruwan, ga alama shi ne bai karanta ba."