Furanni Goma Sha Biyu Na Shehin Al'ada

Duk wanda bai ga Mista Preston ba, to bai ga mutum ba. Tun da aka kafa ƙauyenmu, kai, tun da aka kafa Bulgeriya, ba mu taɓa yin baƙo mai ilmi irinsa ba. Sati uku kacal da saukowarsa daga Amurka riƙe da hannun taubashiyata Rositsa, wadda ya aura a can, ya riga ya san ƙasarmu fiye da mu da aka binne cibiyarmu a cikinta. Shi ya sa muke kiransa Shehin Al'ada. Yana amsawa, har da ɗan rusunawa.

Kalmomi tara ya iya a harshenmu, huɗu sunan abinci ne, sauran zancen sai Rositsa ta fassara. Amma a kwana na biyu ya shiga kicin ya gyara wa mahaifiyata yadda ake kwantar da kindirmo, ita da ta shekara arba'in tana yi. Kullum da safe sai ya sa gajeren wando ya zagaya gari da gudu, ba kowa a bayansa. Karnukan unguwa suka ga abin bai yi tsari ba, suka tausaya masa, suka fara binsa don ya sami dalili. Gorar ruwansa kuwa, da za ta fashe, sai an nemo kwalekwale.

"Matsalar baƙi," in ji shi, "ba sa lura. Ni kuwa ina lura. Na karanta littafi biyu a jirgi."

To ga inda maganar take. Shi da Rositsa a ɗakina suka sauka, ni aka tura ni kicin, ina kwana jikin gangar kabejin da aka tsuma don hunturu. Har kuliyoyi sun daina gaishe ni saboda wari. Kakarmu Donka tana da bene guda a kulle, ɗaki uku da baranda da inabi ya lulluɓe. Ta ce ranar da za ta cika tamanin za ta miƙa musu mabuɗin, in surukin ya kwanta mata a rai. Ba wanda ya kai ni yi wa Shehi addu'ar nasara.

Ranar bikin da safe Rositsa ta ce mu je gari mu sayo wa Kaka furanni. Ta ja kunnensa: "Tara, ko sha ɗaya. Ka ji ko?"

"Bar mini wannan," ya ce. "A ƙasarmu mutumin kirki dozin yake saye."

A hanya na yi iya ƙoƙarina, da hannu da ƙafa da ragowar Turancin aji uku, don ji ina ji, faɗi ne ke ba ni wuya. Na ce a ƙasarmu masu rai ana ba su furanni mara, irin tara ko sha ɗaya; cika kuwa, irin sha biyu, sai kabari. Ya dafa kafaɗata ya ce in kwantar da hankalina, ba ya tsoron tsada.

Mai furanni ta ɗaure sha ɗaya. Shehi ya ƙirga, ya yi murmushin wanda ya kama ɓarawo. Ya ɗaga yatsa ya yi mata huɗuba mai tsawo: shi ba ɗan yawon buɗe ido ba ne da za a cuta, shi ɗan gari ne yanzu, sha biyu ya ce, sha biyu za a ba shi. Matar ta dube ni, na ɗaga kafaɗa. Sai fuskarta ta yi laushi. Ta ƙara guda, duka farare sol, ta ɗaure da baƙin zare, ta kama hannunsa ta ce Allah ya ba da haƙuri.

"Ka gani?" ya ce mini. "In ka nuna ka san kanka, nan take ake girmama ka."

Mun iso an cika tebur, Kawu Stoyan ya riga ya buɗe kwalba ta biyu ta barasar inabinsa, ana ta waƙa. Shehi ya shigo ƙirji gaba. Waƙa ta mutu. Cokali ya faɗi. Rositsa ta rufe fuska da tawul.

Kaka ta karɓa, ta sa tabarau, ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta sake bi. Shi kuwa da ya ga an yi tsit, ya ɗauka jawabinsa ake jira, sai ya gyara murya. Ya ce shi mutum ne mai son yin abu da wuri, ba ya jiran lokaci ya ƙure, don haka yana so a gama maganar bene yau, ya ma auna inda zai fasa bango.

"Me ya ce?" Kaka ta tambaya.

Rositsa ta ƙi ɗagowa. Ni kuwa an rene ni da gaskiya, na fassara duka.

Kawu Stoyan ya ƙware da dariya har sai da aka bubbuga masa baya. "Inna, ki yi sauri mana," ya ce, "kina ɓata wa Ba'amurke lokaci!"

Kaka ta miƙa wa Shehi furanninsa. "Ungo, ɗan nan. Kai wa mijina, yana can maƙabartar bayan coci, layi na uku. Shi ya riga ya shirya."

Haka ya ratsa gari da baƙin zare yana kaɗawa. Ya dawo yana walƙiya, ya ce mu zo mu ji abin mamaki: duk dattijon da ya wuce sai ya cire masa hula. Ya miƙa hannu yana jiran mabuɗi.

Kaka ta ciro shi daga aljihu, ta nuna masa, ta zura a igiya ta rataya a wuya.

"Ka faɗa masa," ta ce mini, "da na yi niyyar mutuwa bana. Na fasa."