Yadda Na Yi wa Alhaji Modu Barka da Sallah

Akwai wata Juma'a da ba zan taɓa mantawa da ita ba, kuma bari in fara da abin da nake nema a ranar: fanel ashirin da huɗu, batir takwas, inbata biyu. Aikin sola ke nan na gidan Alhaji Modu da rijiyar burtsatsensa a Maisandari. Wata biyu ina bin mutumin nan, ya ce mu ƙarasa magana bayan Babbar Sallah.

Ni dillalin kayan sola ne, da tebur ɗaya na fara. Rubuta manhaja kuwa da girmana na koya, a bidiyo, don na gaji da biyan wasu a kan abin da na ga zan iya. Da na haɗa wata 'yar manhaja mai tuna mini ranar da garantin batir zai ƙare, sai kaina ya kumbura.

Ana haka abokina Bukar, malamin kwamfuta a Dala, ya nuna mini wata sabuwar laburare. (Ga wanda bai sani ba, guntun aiki ne da wasu suka riga suka rubuta, kai dai ka ɗauko ka jona a naka.) Ita wannan, ka ba ta jerin lambobi, ta tura wa kowa saƙo da sunansa a ciki, a lokacin da ka zaɓa.

"Ka karanta bayaninta tukuna," in ji Bukar. "Akwai inda take nuna maka saƙonnin kafin su fita."

"Malam, ni da nake haɗa inbata ba littafi?"

Na gwada da lambobi uku da na rubuta da hannuna: tawa, ta mai ɗakina, ta Bukar. Lafiya lau. Sai na kwashe lambobin wayata kaf, ɗari uku da goma sha biyu, na zuba mata. Na sa ta yi wa kowa barka da Sallah washegarin Idi, ranar Juma'a da ƙarfe biyu da rabi, na rufe kwamfuta ina jin kaina wani babba.

Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne yadda nake ajiye suna. A garin nan Modu nawa ne? Goma sha ɗaya gare ni a waya. Falmata tara. Dole ka sa wa kowa alama, ni kuma da hali nake bambanta mutane.

Ranar, bayan an sauko daga masallaci, aka ɗaura auren 'yar wani abokin kasuwarmu a Gwange. Masu saye a wurina sun fi goma a ƙarƙashin rumfar. Da gangan na matsa kusa da Alhaji Modu. An shafa fatiha, ana raba goro da dabino, sai wayoyi suka fara ƙara nan da can. Na gyara zaman hulata. (Har da cewa, "Alhaji, kamar saƙo ya shigo maka." Da bakina na faɗa.)

Ya zaro tabarau, ya nisanta wayar da fuskarsa, ya karanta da ƙarfi yadda dattawa suke yi:

"Barka da Sallah, Alhaji Modu Sai An Rage. Mun gode da ciniki."

Kowa ya duba tasa wayar. Can daga baya wani ya ce, "Ni an ce mini Goni Tambaya Ba Saye."

"Kai ka samu da sauƙi," in ji na gefensa. "Ni Mustafa Mai Ƙona Batir ne."

Aka kwashe da dariya, har uban amarya ya juyo yana tambayar me ya faru. Wayata ta ɗauki ruri. Surukina ne. A fuskar wayar an rubuta Baba Lacca. Ban ɗauka ba.

Alhaji Modu bai yi dariya ba. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Mai sola, ni ne wannan?"

Na so in ce kwamfuta ce ta rikice. Amma wanda zai ba ka rufin gidansa, in ya kama ka da ƙarya sau ɗaya, an gama.

"Kai ne, Alhaji. Modu sha ɗaya gare ni, sai da alama."

"Sauran goman fa?"

"Su ba sa neman ragi."

"Ba su san kasuwa ba." Ya mayar da wayar aljihu, ya ɓare goro. "To, tunda ka rubuta, kada mu ƙaryata na'ura. Aikin nan naka ne. Amma sai an rage."

A gaban mutane, da gumi har cikin takalmi, wa zai yi musu?

Tun daga ranar, duk sabon abin da zan jona a manhajata sai na karanta bayaninsa har ƙarshe, kuma ba saƙon da ke fita ban gan shi da idona ba. Sunayen kuwa ban goge ba, don babu na ƙarya a ciki. Na dai mayar da su wani littafi da nake kullewa a durowa.

Sallar nan a ƙofar gidajen mutane na yi ta, ina ba da haƙuri. Huɗu ba su sake taka shagona ba. Surukina ya karɓi cinyar rago, ya zaunar da ni awa biyu. Alhaji Modu ya ba ni aikin, ya zabge kuɗin batir guda cur. Da na haɗa duka, ban faɗi ba, amma ban taɓa biyan gaisuwa da tsada haka ba.