Takunkumin Amir

"Sannu da aiki, oga direba. Ya garin, ya fasinja? Ya kuma Goggo Fadima?"

Amir ya yi kamar bai ji tambayar ƙarshe ba, ta mahaifiyarsa. Da yamma ne a bakin tashar Nyanya, yana kan layi da kekensa, takunkumi ya rufe masa fuska har ƙasan ido. Matar da ta shigo baya da kayan cefane Muhibba ce, 'yar kawunsa, abokiyar wasansa tun suna yara, ma'aikaciya a wata ma'aikatar tarayya. A sanin dangi, Amir har yanzu manaja ne a wani otal a Wuse. Ban da matarsa, ba wanda ya san an sallame shi tun lokacin kullen korona.

Ya sauya murya, ya yi Hausar 'yan koyo. "Madam, ina za ka je?"

"Orozo, bawana. Shata na ɗauka, kar ka saka kowa. Ka rufe hanci da baki, ka manta da kunnuwan nan masu faɗin faifai."

Ya ja keke. Sai da suka wuce Karu ya ce ta matsa tsakiya, wai keken ya karkata gefe guda.

"Kullen nan kowa ya rame, ke kaɗai kika fito da ƙari. Da na san ke ce, da tirela zan zo."

"Hutu ne, ba ka san shi ba. Kai kuma duk Abuja an yar da tsumman nan, har masu sayar da shi sun koma sayar da lemo. Ko korona ce ta ba ka ajiya?"

Ya ce saboda hayaƙin motoci ne. Ta ce ai hayaƙin Nyanya ma ya san shi da suna, har ya kan tambaye ta lafiyarsa. Ya yi 'yar dariya, amma ba ta yi nisa ba. A wajen Kurudu ya gangara gefen titi, ya kashe keke, ya ja takunkumin ƙasa. Bai waiwayo ba.

"Ranar da aka buɗe gari na yi murna kamar kowa," ya ce. "Na je masallaci, muka haɗa kafaɗa, har na yi hawaye. Amma wallahi rabin zuciyata bai so ba. Lokacin da kowa ke rufe fuska, ni ma mutum ne cikin mutane. Na taɓa ɗaukar yaron da nake aika a otal, ya sauka bai gane ni ba. Mutane sun mutu a cutar nan, Muhibba, ni kuma ga ni ina kewar lokacinta. Wannan ya fi keken ba ni kunya."

Muhibba ta gyara riƙon ledar tattasan da ke kan cinyarta. Sannan ta faɗa masa ita ma tana da irin tata kewar. Ranar da aka ce kowa ya koma ofis, banɗaki ta shiga ta yi kuka, don a kullen ne ta fara ganin 'yarta ta tashi ta yi tafiya da idonta, ba a waya ba. Ba ta taɓa gaya wa ko mijinta ba.

"Da, in na yi tari sau ɗaya, sai a ce Hajiya je ki gida ki huta. Makon jiya na yi ta tari har wuyana ya yi zafi, oga ya miƙo min alawar tari, ya ƙara min aiki."

Amir ya yi dariya sosai, ya tayar da keke. Ya roƙe ta kar ta gaya wa kowa. Ta tuna masa ranar Asabar akwai sunan ɗan ƙaninta a gidanta, taron dangi na farko tun bayan cutar, kuma Goggo ta gaji da jin cewa aikin otal ya riƙe shi.

"Ni ba zan faɗa ba. Kai za ka faɗa. Goggo ta fi son mai keken da za ta gani a kan manajan da sai dai ta ji muryarsa."

"Kawu zai yi min dariya."

"Zai yi. Ni ma zan taya shi. Daga nan sai a zuba maka shinkafa."

A ƙofar gidanta ta sauke kaya, ta zaɓi doya mafi girma ta ajiye masa a kujera, wai ladan bawa mai biyayya. Ta ce kuma shi zai je ya ɗauko Goggo da kansa.

Ya dubi doyar, ya girgiza kai yana murmushi. "Kin ci ni, uwar ɗakina, zan ɗauko ta. Ki dai roƙe ta kar ta ce in zaga da ita unguwa tana nuna ni ga ƙawayenta."

"Sai ta ce," in ji Muhibba. "Ni zan ba ta shawarar."