Paris Ta Fi Alela Kusa

Ranar Talata na ce a'a, kuma har yau bakina zaƙi yake yi.

Diraktan lakwal ɗinmu, wato makarantarmu ta nan Konni, Malam Chindo, ya miƙo mini jawabi, wai ni zan karanta gaban Mai Girma Uban Tafiye-tafiye, tunda ni ce malamar da Faransancinta ba ya tuntuɓe. Mai Girma ya dawo ne daga Paris, inda ya je duba yadda Turawa ke gina gada, domin a ɗora mana irinta kan ƙoramar hanyar Alela, gadar da aka yi mana alkawarinta tun ina aji ɗaya. Jawabin cewa ya yi talakawa sun zubar da hawaye da jin ya jure kusan awa shida a sama, daga Yamai har can, har ƙafafunsa masu albarka suka kumbura.

Na mayar wa Malam Chindo takardarsa ina dariya har da riƙe ciki.

"Shatu, ki karanta ki huta," in ji shi. "Ai ba rantsuwa ba ce."

"Ranka ya daɗe, in na karanta, da wane baki zan koya wa yara nesa da kusa?"

Jama'a, ku taya ni dubawa. Safiyar da Mai Girma ya tashi, ita ce goggona, Goggo Tabawa, ta baro Alela a amalanken jaki, za ta gidan likitan Konni da nata ciwon ƙafar na gaske. Shi ya ƙetare hamada, ya ƙetare teku, wajen kilomita dubu huɗu, ana kawo masa kaza har kujera. Ita ta tarar ƙorama ta cika, ta zauna gindin aduwa tana jiran ruwa ya yi haƙuri. Ya sauka, ya yi wanka, ya sha barci. Ita ta iso mana washegari da la'asar. Ashe Paris unguwa ce a bayan Malbaza ta nan kusa, Alela ce ƙasar waje!

Maƙwabcina Baƙo mai shayi ya ce a bar zancen gada, a yi wa Alela filin jirgi kawai. Goggo ta bi ta Paris, ta sauka Yamai, ta hau motar siminti, za ta riga jaki zuwa. Ita ko Goggo cewa ta yi in yi wa Mai Girma sannu da ƙafa, tana da ragowar man kaɗanya in yana so. Sannu ba ta hana zuwa, in ji ta, sai dai a daɗe.

Jiya sakayya ta zo. An mayar da ni wata lakwal ta zana, can bayan waccan ƙoramar. Na rasa ɗakina mai lantarki, an kuma share sunana daga masu zuwa ƙaro ilimi Yamai bana. Na ɗaure kayana, kuma ko gobe aka miƙo jawabin nan, a'a ce.

Malam Chindo ya ce kada in damu, wurin ba nisa. Gaskiyarsa, bai fi Paris sau biyar ba.