Ƙullin Kanwa a Ƙuguna

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta ranar da na fara hawa jirgin sama ba. 'Yata Binta ce ta haihu a Legas, zan je yi mata wankan jego. Matar ɗana, Rabi, ta raka ni don tana jin Turanci.

A filin jirgi aka ce kayanmu sun yi nauyi. Na sa Rabi ta rage nata, har da faɗa (duk Yakasai an san bakina). Ni kuwa na zare ƙullin jar kanwa, na shiga bayi na ɗaure shi a ƙugu, na saki hijabi. Wa ya taɓa jego babu kunun kanwa?

Ba mu jima da tashi ba hadari ya tare gabanmu, jirgi ya kama jijjiga. Matuƙi ya yi magana, Rabi ta raɗa mini: "Inna, wai gaba ba ta biyuwa, Kano za mu koma. Can ma an yi ruwa, kuma jirgin ya yi nauyi, ba zai sauka yanzu ba."

Nauyi. Sai na ji kanwar nan tana ƙona mini ƙugu. Jirgi na ta kewayawa, sau uku ina hango Dala ta tsakanin gajimare. Matar da ke gefenmu ta ƙanƙame jaririnta tana salati. Na ce a raina, duk rayukan nan a wuyana, saboda kunu.

Na ɓalle bel, na miƙe, na yaye hijabi gaban maza da mata, na kwance ƙullin.

"'Yar nan," na ce da ma'aikaciyar jirgi, "laifina ne. Buɗe ƙofa ki jefar."

"Mama, zauna ki ɗaura bel," in ji ta daga kujerarta. "Man zuwa Legas muka sha, yana nan maƙil. Jirgi mai nauyi ba ya tsayawa da wuri a jiƙaƙƙen titi, shi ya sa matuƙi ke kewayawa har man ya ragu."

Wani Alhaji daga baya ya ce, "Iya, in jefarwa za a yi, miƙo nan. Maiɗakina ma watanta ya tsaya."

Mun sauka lafiya. Rabi ta karɓi ƙullin ta sa a jakarta, daidai gurbin atamfofin da na sa ta cire. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Tun ranar, kafin in ce kayan wata sun yi yawa, sai na fara shafa ƙuguna.