Ranar da Na Kai Gara Kan Tarin Taki

Ba zan taɓa mantawa da ranar kai garar 'yata Hindatu ba, ko da na so mantawa mutanen garinmu ba za su bar ni ba.

Ni dai sai da na aurar da 'ya'ya biyu sannan na shiga makarantar manya. Tun da na iya haɗa baƙi kuwa, ba wanda ya ƙara shan ruwa a gidanmu. Da kuɗin man gyaɗa na sayi wata akwalar mota, na koyi tuƙi a filin ƙwallo. Aibinta ɗaya, in aka ɗora mata kaya sai ta riƙa nishi kamar tsohuwar jaka. Ga shi na riga na cika baki a gaban dangi cewa ni zan ja gaba da gara har ƙofar surukai a wajen Bici, ba za a ɗauko motar haya a raina mu ba.

A waya na ga wani yana bayani cewa inji ma yana da maƙogwaro, inda yake shaƙar iska, wai totur-bodi, in aka sa babba mota sai ta tashi sama. Washegari ina Kano, kasuwar kayan mota.

Mai shagon ya ce, "Hajiya, wane irin inji ne?"

Na ce, "Inji na mota mana! Fito min da su duka."

Na zaɓa yadda nake zaɓen tukunya: na ƙwanƙwasa, na jinjina nauyi, na zura hannu. Wanda dunƙulen hannuna ya shige, shi na ɗauka. Da na kai wa Sale makanike ya ce ramukan ƙusa ba su dace ba, na ce ya huda sababbi. (Sale tsorona yake ji tun yana yawo ba wando, don haka ya huda.)

Ranar gara aka loda shinkafa da jarkokin mai a baya. Gwaggo Asabe, mai guɗar zuri'armu, ta zauna gaba da fantekar alkaki a cinya. A kan kwalta motar gudu take kamar an biyo ta, ina ta taƙama. "Gwaggo, kin ji aikin ilimi?"

Muka shiga garin bayan la'asar. Maza sun shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, mata sun cika zaure suna jira. A nan ake so a tafi a hankali, a yi guɗa, kowa ya ga arziki. Na ɗaga ƙafa daga totur. Motar ta ce ba ta san zancen ba. Ta ƙara ruri. Na taka burki ta yi tutsu, na saki ta zabura. Gwaggo ta fara guɗa, a tsakiya guɗar ta koma "Innalillahi!" Alkaki ya yi ta fita ta taga. Dattawa suka watse da takalma a hannu.

Gwaggo tana ta faɗin, "Kashe ta, 'yar nan, kashe ta!"

Wallahi na manta mota tana da makulli. Muka wuce ƙofar gidan, muka tsaga dangar kara, muka haye tarin takin da aka tara don damina. Nan ta tsaya, hanci sama, tana ta ihu, sai da Gwaggo ta miƙa hannu ta murɗe makullin da kanta.

Mahaifin ango ya tako a hankali, ya leƙo ta taga, ya ce, "Sannunku da hanya, Hajiya. Ai da kun tambaya, ƙofar tana baya."

A ka aka kwashe garar daga kan taki zuwa cikin gida. Surukan kirki ne, suka karɓa suka sa albarka, sai dai duk wanda aka miƙa wa alkaki sai ya shinshina tukuna. Hindatu kuwa ta daɗe ba ta ɗaga wayata.

Abin da na koya shi ne mota ma kamar mutum take: in aka faɗaɗa mata maƙogwaro, ba hankali take ƙarawa ba, sai hayaniya. Maigidana ya ce shi ya daɗe da sanin haka, bai dai samu damar faɗa ba.