Ranar da Na Sa Fasinjojin Abuja Shahada

Ba zan taɓa mantawa da hawana jirgin sama na farko ba, duk da na sha roƙon Allah ya mantar da ni.

Shekarun nan ne da hanyar Damaturu ta zama abin tsoro. Ina koyarwa a wata firamare a unguwar Jiddari Polo a Maiduguri, sai aka zaɓe ni tare da shugabar makarantarmu, Hajiya Yagana, mu je taron horar da malamai a Abuja. Masu taron suka ce ba su yarda mu bi mota ba, suka aiko mana da tikitin jirgi.

Ni dai a sanina Abuja tafiyar yini guda ce cur, har da ɗoriya idan aka tsare ku a shingayen sojoji. Sai na yi lissafina: jirgi ya fi mota gudu, to a ce rabin yini. (Ban tambayi kowa ba. Malamar lissafi guda, wa zan tambaya?) Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta dafa mini burabusko ta cika ƙaramar kula, ta rako ni har bakin titi a unguwarmu Abbaganaram tana tofa mini addu'a.

"Sai kun yi nisa za ki ci," in ji ta, "kada yunwa ta kama ki a tsakiyar hanya."

Muka tashi. Na leƙa taga ina kallon garinmu yana ƙanƙancewa, itatuwan dogon-yaro kamar ɗigon tawada, har na ji ƙwalla. Hajiya kuwa ta ja laffaya ta rufe fuska, sai barci.

Na yi ta jiran mu yi nisa. Ina buɗe kular ke nan na ji jirgi yana yin ƙasa. Kunnena ya toshe. Wani ya yi magana a lasifika da Turanci mai sauri, ban tsinci komai ba. Na duba agogo, ko awa ɗaya ba mu cika ba! A ƙasa daji ne da duwatsu. Sai na ji "gurum!" a ƙarƙashin kujerata. Duk wanda ya zauna Maiduguri a lokacin ya san abin da irin wannan ƙara ke yi wa zuciya.

Na cafke hannun Hajiya na ƙwalla ihu: "Innalillahi! An harbo mu! Jama'a ku yi shahada!"

Wani dattijo a bayanmu ya kama shahada da ƙarfi. Jariri ya tsala kuka. Kula ta kife, burabusko ya watsu har layi na uku.

Hajiya ta yaye laffaya ta dube ni. "Malama Falmata, sakar mini hannu. Tayoyi ne suka fito. Abuja ce wannan."

"Abuja? Tun yanzu?"

"To Makka kike so a kai ki?"

Jirgi ya kaure da dariya. (Har da ma'aikaciyar jirgin, na gan ta tana toshe baki.) Dattijon nan ya leƙo ta saman kujera ya ce, "Ba komai 'yata, shahada ba ta taɓa zama asara."

Kwana huɗu muka yi a taron, duk wanda Hajiya ta zauna kusa da shi sai ya ji labarin. Yanzu ta yi ritaya, ba mu cika haɗuwa ba, kuma wallahi ina kewar tsokanarta. A shekarun nan dariya ta yi wuya a garinmu, ni kuwa na samar wa malaman makarantarmu ta zango guda.

Abin da na koya dai, kafin ka sanar da jama'a ajalinsu ya zo, ka fara tambayar na kusa da kai ƙarfe nawa ake isa.